Jinjina Ga Masu Awon Abin Da Jiki Ya Karɓa Daga Ciyawar Teku

Akwai aikin da ba a yi wa kiɗa, ba a kuma sa hotonsa a gaban jarida. Mai bincike zai ba mutum abinci aunanne, sannan ya miƙa masa jarka, ya roƙe shi ya tara duk fitsarin da zai yi daga safiyar yau zuwa ta gobe, kada ko ɗigo ya zube. Washegari ya karɓi jarkar ya shige ɗakin gwaji da ita. Daga mai tarawar har mai aunawar babu wanda ke marmarin wannan aiki. Amma da shi aka amsa tambayar da masu talla ba sa son a yi musu: in an ce ciyawar teku cike take da ma'adinai, nawa ne daga ciki ke ratsa hanji ya shiga jini? Waɗannan masu awo su nake yi wa jinjina, tare da matan da mazan da suka yarda aka gwada a jikinsu.

A 2014 wasu masana a Jami'ar Glasgow da ke Sikotland, ciki har da Emilie Combet, suka wallafa sakamakon irin wannan gwaji. Sun nemo mata masu ƙoshin lafiya waɗanda abincinsu ba shi da isasshen sinadarin aidin. Wata rana a ba su aidin tsantsa irin na ɗakin magani, wata rana kuma a ba su daidai wannan adadi a cikin garin wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a gaɓar ƙasarsu. Da yake mafi yawan aidin da jiki ya tsotsa ta fitsari yake fita daga baya, jarkar ba ta ƙarya. Na ɗakin magani, fiye da rabinsa ya bayyana cikin kwana guda. Na ciyawar kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya bayyana, domin ciyawar tana riƙe sinadarin a cikin saƙarta, ba ta sakinsa lokaci guda. Duk da haka, da aka sa mata shan rabin giram na garin kullum har mako biyu, aidin ɗin jikinsu ya ƙaru sosai. Ciyawar tana bayarwa ke nan, sai dai ba duk abin da aka rubuta mata take miƙawa ba.

Dangantakar ciyawar teku da aidin ta daɗe. Tun zamanin da, likitocin ƙasar Sin suna ba masu maƙoƙo ciyawar teku, suna ganin kumburin wuya yana sacewa, ba tare da sun san abin da ke cikinta ba. Sai a 1811, lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku domin haɗa sinadarin albarushi, ya zuba asid fiye da yadda ya saba, sai ga wani tururi mai launin shunayya ya tashi, ya sauka a jikin tukunya ya daskare yana ƙyalli. Ranar aka fara ganin aidin a duniya. Courtois ya rasu a 1838 cikin talauci, bai ci moriyar abin da ya gano ba. Shekara tara bayan gano sinadarin, wani likita a birnin Janiba, Jean-François Coindet, ya fara ɗiga wa masu maƙoƙo shi, ya ga aiki kamar yankan wuƙa. Kafin shekara ta zagayo kuma ya ga wasu daga cikin masu shan maganin suna ramewa, hannu na rawa, zuciya na bugawa da sauri. Bai ɓoye ba. A 1821 ya rubuta illar kamar yadda ya rubuta nasarar. Wannan hali shi ne tushen duk abin da nake yabo a nan, kuma har yau shi ne ke raba mai ilimi da mai neman ciniki.

Abin da jiki ke buƙata na aidin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Duk aidin da ke jikin ƙato bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, kuma mafi yawansa yana tare a wata 'yar halitta da ke gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod. Da shi take haɗa sinadaran da ke tafiyar da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro, da ginin ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. In ya yi ƙaranci sai ta kumbura tana neman ƙari, shi ne maƙoƙo. Abin da ido ba ya gani ya fi wannan muni: yaron da uwarsa ta rasa aidin lokacin goyon ciki yakan taso da raunin fahimta da babu maganin da zai mayar masa.

Litar ruwan teku ba ta ɗauke da aidin sama da maikurogiram 60 ko kusa da haka. Amma manyan ciyayin teku masu launin ƙasa-ƙasa suna zuƙe shi su tara, wasu har ninki 30,000 na abin da ke cikin ruwan da suke zaune. A nan ne masu awo suka yi mana babban aiki, domin sun nuna cewa sunan "ciyawar teku" laima ce da ta rufe halittu masu nisan bambanci. A 2004 Jane Teas da abokan aikinta a Amurka suka sayo iri-iri daga kantuna suka auna. A cikin nori, wato siririyar baƙar takardar nan da Japanawa ke naɗe shinkafa da ita, sun samu abin da bai wuce maikurogiram 16 a giram ɗaya ba. A cikin wani garin babbar ciyawar da ake kira kelf, sun samu sama da 8,000 a giram ɗaya. Giram guda na wannan ya ninka buƙatar yini sau hamsin. Iyakar da hukumomin Amurka suka sa wa babban mutum ita ce 1,100 a rana, ta Tarayyar Turai kuwa 600. Ko da kashi ɗaya cikin uku kawai jiki ya ɗauka daga irin wannan gari, an zarce iyaka tun kafin cokali ya cika.

Girki ma yana da tasa rawar. A ɗakin girkin Japan, uwargida takan yanko ɓallin kombu, wani irin kelf, busasshe, mai kauri, da wani farin gari-gari a bayansa, ta goge shi sama-sama da ɗanyen ƙyalle, ta jiƙa shi a tukunyar ruwan sanyi, ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ta tsame shi kafin ruwan ya tafasa. Wannan romo, da suke kira dashi, shi ne gindin miyarsu. Aidin mai narkewa ne a ruwa, saboda haka mafi yawansa yakan bar ganyen ya koma cikin romon. Wanda ya sha romon ya sha aidin ko bai tauna ganye ba. Daga wannan romo ne ma wani masani a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tsamo sinadarin ɗanɗano a 1908, wanda ya zama Ajinomoto, farin magin da ke kan teburin kowane mai kayan miya a kasuwanninmu. Na yanzu dai ba daga kombu ake yin sa ba, kuma ba hanyar samun aidin ba ne.

An ƙiyasta cewa Bajapane yakan ci aidin tsakanin maikurogiram 1,000 zuwa 3,000 a rana, kuma yawancinsu lafiya lau suke. Dalilin haka ma masu bincike ne suka tono shi. A 1948 Jan Wolff da Israel Chaikoff a Kalifoniya suka gano cewa in aidin ya yi yawa a jini, tayirod takan ja birki. Daga baya aka gano birkin na ɗan lokaci ne, domin takan rage abin da take zuƙa ta ci gaba da aiki. Sai dai ba kowace tayirod ke iya sakin birkin ba. A 1965 likitocin Japan suka ba da rahoton maƙoƙo a tsakanin mazauna gaɓar tekun Hokkaido, inda ake cin kombu ba dare ba rana. Maƙoƙon yawa ke nan, ba na rashi ba. A ƙarshen 2009 aka janye wata madarar waken soya daga kantunan Ostareliya bayan likitoci sun ga manya da jarirai da matsalar tayirod, aka bi sawu aka tarar an sa kombu a cikin haɗin madarar. Waɗanda suka sha ba su san suna shan ciyawar teku da yawa haka ba, neman lafiya ma suke yi.

A Koriya, maijego takan sha miyar wata ciyawar teku da suke kira miyok, sau da yawa a yini, har tsawon makonni. Uwa ce ke dafa wa 'yarta, suruka ta dafa wa matar ɗanta, don jini ya dawo, nono ya kawo. Masu bincike na ƙasar da kansu suka auna nonon waɗannan mata, suka ga aidin ya hau ƙwarai, suka kuma ja hankali kan bakwaini, waɗanda tayirod ɗinsu ba ta yi ƙwarin jure wannan yawa ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa zai gane wannan labari, don mu ma muna da kunun kanwar maijego, wanda kaka ke damawa da hannunta saboda ƙauna. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan shan kanwa haɗe da zafin wankan jego. A can da nan, babu wanda ya ce al'adar ƙiyayya ce. Awo ne ya nuna inda alheri ya zarce kima.

In aka bar aidin aka koma kan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam mai gina ƙashi, sai labarin ya juye. Aidin saurin shiga yake yi, su kuwa waɗannan da ƙyar suke shiga. Ƙarfen da ke cikin kowane tsiro ba ya ratsa hanji da sauƙi kamar na nama da hanta. A ciyayi masu launin ƙasa-ƙasa kuma akwai wani abu mai yauƙi da ake kira aljinet, wanda ake sawa a askirim da wasu magungunan ƙwannafi, da wasu sinadarai masu bauri, dukansu suna kama ma'adinai su riƙe. Ƙarfin riƙon aljinet ya kai inda a shekarun 1960, lokacin fargabar gwajin bama-baman nukiliya, masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna yana iya kama sinadarin sitirontiyam mai guba a cikin hanji ya hana shi shiga jiki. Abin da ke iya tsare mugu a ƙofa yana iya tsare na kirki ma. Amma masu awo ba su tsaya a zato ba. A Benezuwela, a 2007, aka haɗa ciyayin teku huɗu da dafaffiyar shinkafa aka ba mutane, aka bi sawun ƙarfen har cikin jini, aka tarar jiki yana ɗaukarsa da kyau. Kowace iri da halinta, kuma abin da aka ci tare da ita yana sauya lissafi: lemon tsami da sauran masu bitamin C suna buɗe wa ƙarfe hanya, shayi a kan abinci yana toshe ta.

Sannan ga wata dabarar lissafi da ke ruɗar mai saye. Jadawalin abinci yakan faɗi abin da ke cikin giram 100 na busasshiyar ciyawa, adadin ya fito ƙato, har a ce ta fi madara kalsiyam, ta fi nama ƙarfe. Takardar nori guda kuwa giram uku ce ko ƙasa da haka. Babu mai cin giram 100 a zama ɗaya, kuma wanda ya gwada haka da kombu don neman kalsiyam, aidin zai illata shi tun kafin ƙashinsa ya amfana.

Jiki ba ya tantance abin da ya shigo masa da sunan lafiya. Ciyawar da ke zuƙe aidin daga ruwa tana zuƙe sauran abin da ke cikin ruwan. Akwai wata baƙar ciyawa sirara da ake kira hijiki, wadda aka daɗe ana yabo saboda ma'adinanta. Da aka auna sai aka tarar tana tara asenik, irin nau'in da ke da guba kuma yake shiga jini da sauƙi. Hukumar duba abinci ta Kanada ta gargaɗi jama'a a 2001, ta Birtaniya ta bi baya a 2004, ta ce a daina ci. Ba su haramta sauran ciyayin ba, domin awonsu ya nuna bambancin. Irin wannan adalci, a ware mai laifi a bar marasa laifi, aiki ne na haƙuri, kuma ya cancanci a tashi tsaye a yaba.

To, amma jinjina ba sallama ba ce. Akwai sauran aiki, kuma wani ɓangarensa a wuyanmu yake.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje kan mutane 'yan kaɗan aka yi su, na 'yan kwanaki ko makonni, mafi yawa kuma a Turai da gabashin Asiya. Hanji kuwa ba ɗaya ba ne. A 2010 Jan-Hendrik Hehemann da abokansa a tashar binciken teku ta Roscoff a Faransa suka gano cewa wata ƙwayar halitta da ke zaune a hanjin wasu Japanawa ta ari makamin narkar da saƙar nori daga wata ƙwaya ta cikin teku, alhali ba su ga wannan makami a hanjin mutanen Arewacin Amurka da suka duba ba. Binciken kan narkar da saƙar ciyawar ne, ba kan ma'adinai kai tsaye ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata kafin ya ɗauko sakamakon Glasgow ko Tokyo ya ɗora wa matar Daura ko ta Maraɗi. Abincinmu ma yana da nasa hukuncin. Gero da dawa da masara suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ƙarfe, wanda jiƙo da tsimi irin na kamu ke ragewa. A yammacin Sudan, masu bincike sun danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero a inda aidin ya yi ƙaranci. Rogon da bai jiƙu da kyau ba yana sakin wani sinadari da ke yi wa aidin shamaki a ƙofar tayirod. Waɗannan tambayoyi namu ne, kuma sassan nazarin abinci na Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Abdou Moumouni a Yamai suna da ƙwararrun da za su iya amsa su in an ba su kayan aiki. Ga kuma dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi su shanya a kan rairayi, wanda duniya ke saye da sunan sifirulina. Ba ciyawar teku ba ce, ba kuma a dogara da ita don aidin, amma tana da ƙarfe, kuma ta cancanci a bi sawunta har cikin jinin masu cinta a miya kamar yadda aka bi na wasu. A gaɓar Afirka ta Yamma kuma, tun 2011 igiyar ruwa ke jibgo tulin ciyawar sargasum, dangin hijiki. Kafin wani ya ce a mayar da ita abincin dabbobi ko taki, sai an auna asenik ɗinta.

Aiki na biyu ya fi gaggawa, don kaya sun riga sun iso. Ana tallar wata ciyawa da ake kira sea moss a WhatsApp da Instagram, a cikin kwalba kamar kamu mai kauri, ko a busashe cikin leda. Mai talla zai ce, "Hajiya, cokali biyu kullum, ma'adinai 92 ne a ciki." Ko da a ce adadin gaskiya ne, bai faɗi komai ba, domin ƙasar bakin ƙofa ma tana da ma'adinai masu yawa. Tambayar da ta kamata Hajiya ta mayar ita ce, "Malam, wace iri ce, daga wane teku aka ɗebo ta, kuma aidin nawa ne a cokali ɗaya?" Sau da yawa kwalbar ba ta da amsa, mai tallar ma haka, ba don mugunta ba, shi ma haka aka sayar masa. Masu bincike sun nuna cewa ko iri ɗaya ce, aidin ɗinta yana sauyawa da wurin da ta fito da lokacin da aka girbe ta. Ilimin yana nan kwance a mujallun da mai saye ba zai taɓa buɗewa ba. Masanin da ya auna ya wallafa ya yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne adadin ya hau jikin kwalba, ya kuma shiga kunnen mai ciki, da mai shayarwa, da mai maƙoƙo, da mai shan maganin tayirod, waɗanda bai kamata su taɓa irin waɗannan kaya ba sai sun ga likita.

Mu da ke nesa da teku ba ma cikin tilas. An riga an samo mana hanyar da ta fi arha ta kuma fi tabbas. Daga 1917 David Marine ya gwada ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na Amurka: cikin 2,190 da suka sha, biyar ne kawai suka yi kumburin wuya, cikin 2,305 da ba su sha ba kuwa, 495. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, jihar Michigan ta bi a 1924. Nijeriya ta wajabta shi a 1993, kuma a tsakiyar shekarun 2000 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta kai ga wadata gidaje da gishiri mai aidin. Ma'aikatan da suka riƙa bin kasuwa-kasuwa da 'yar kwalbar gwaji, su ɗiga a kan gishiri su jira ya rine ya yi shuɗi, su ma suna cikin wannan jinjina. Fifikon gishiri a kan ciyawa shi ne an san adadin da aka sa, an kuma san jiki yana ɗaukar kusan dukkansa.

Wannan nasara ma tana buƙatar tsaro. Gishirin da aka juye a faranti ya wuni a rana da ƙura, ko ya sha damshi a buhu buɗaɗɗe, yana rasa aidin ɗinsa sannu a hankali. Wanda ake haƙowa ko dafawa a gargajiyance ba ya ratsa masana'antar da ake sa sinadarin. A gida, a zuba shi a mazubi mai murfi, a ajiye nesa da murhu. A hukumance, NAFDAC da takwarorinta na Nijar da Gana da Kamaru su ci gaba da ɗibar gishiri daga hannun masu awo da gwangwani, ba daga bakin masana'anta kaɗai ba, su kuma haɗa da kwalaben ciyawar teku da ke yawo a intanet. Su wajabta a rubuta sunan irin, da tekun da ta fito, da adadin aidin da asenik a cokali ɗaya. Abin da suka samu kuma su karanta shi a rediyo da Hausa, a shirin da mata ke saurare.